Hannun Bahago a Bangon Kotu

Ruwan farko ya sauka a Gusau da sanyin safiya, ni kuwa ina cikin keke mai ƙafa uku zan je dubiya asibiti. Muna bi ta gefen tsohuwar kotun alƙali sai wani wari ya bugi hancina. Ba ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa nake nufi ba, wannan kowa ya san shi. Wani ne a ƙarƙashinsa, mai ɗaci-ɗaci, wanda rabona da shi tun ina ɗaura zane ɗaya. Na ce wa mai keke ya tsaya. Ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ai ba mu iso ba." Na ce masa ni dai na iso.

Makuba ce. In kai ɗan yau ne ba lallai ka san ta ba, kuma ba laifinka ba ne. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya koma baƙi-baƙi, sai a shafe ginin ƙasa da shi don kada damina ta ci bango. Ni a cikin wannan wari na girma, domin kakana na wajen uwa magini ne. Baba Tsoho muke ce masa. Rigarsa, hularsa, har goron da yake gutsura ya ba ni, duk warin makuba suke yi.

Kotun nan kuwa, a gidanmu ba a ɗauke ta wurin tsoro ba, kamar 'yar uwa take. Mahaifin Baba Tsoho yana cikin maginan da suka ɗora ta. Yadda Baba Tsoho ya ba ni labari, da can a zauren gidansa alƙali yake shari'a, masu ƙara su zauna a ƙofa tare da awakin gidan. Da jirgin ƙasa ya iso, gyaɗa da auduga suka yi kasuwa, baƙi suka cika gari daga gabas da kudu, rigima ta fi ƙarfin zaure. Sai En'e, wato hukumar gargajiya, ta ce a gina wa shari'a ɗakinta. Bature ya kawo zane, yana son baranda a gaba da manyan tagogi. Magina suka ce sun ji, amma rufi dai sai nasu, bakan gizo za su ɗaura. Kowa ya samu rabin abin da yake so. Shi ya sa in ka tsaya a gabanta sai ka ce ofis ce, in ka shiga ciki ka ɗaga kai sai ka ce soron wani basarake.

Da tubali aka ɗora ta, irin mai kama da ƙwai wanda ake shanyawa a rana. Dutsen gindi daga wajen Tsafe aka ɗauko, azara kuwa jakuna suka jawo ta daga fadamun wajen Bungudu. Kaurin bangon ya isa a ce yaro ya kwanta a bakin taga ya yi barci bai faɗo ba, ni ma na sha yi. A sama akwai zankwaye a kusurwoyi, da indararo masu dogon baki suna tofar da ruwa nesa da gindi. Daga baya kowane zamani ya zo ya ɗora nasa. Aka sa wa baranda kwano, aka shafe fuskar gaba da siminti, aka yi mata fenti. Amma gefe da baya an bar su da ƙasarsu, saboda haka duk shekara kafin ruwa ya faɗi sai a aiko a kira Baba Tsoho da yaransa su yi yaɓe. Ya kan ce siminti da ƙasa zaman haƙuri suke yi, wata rana sai sun rabu.

Akwai wani abu a ginin da ba ya cikin zanen Bature, kuma sai na gaya maka shi kafin ka gane sauran labarin. Maza a baranda suke jiran kira. Mata kuwa an shirya za a yi musu dakali biyu, ɗaya a bangon kudu ɗaya a bangon arewa, don mai ƙara da wadda aka yi ƙara kada su haɗu su yi ta cacar baki. An gama na arewa ke nan sai hadari ya haɗo kafin lokacinsa, aka kwashe ƙasar da aka cuɗa don na biyun aka toshe wata kafa a rufi. Magina suka ce sai bayan damina. Ka san bayan daminar magini. Har mahaifin Baba Tsoho ya koma ga Allah ba a yi ba.

Dakali ɗayan nan dogo ne, ya bi bangon daga gabas zuwa yamma, ba rumfa a kansa. Inuwarsa ɗaya ce tak, ta soron shiga da ya turo waje a ƙarshensa na gabas. Da safe inuwar takan rufe dakalin duka. Rana tana hawa tana janyewa, tana guduwa zuwa kusurwa, kafin azahar sai ta rage ɗan abin da bai fi tabarmar sallah ba. To mata biyu da suka zo ba sa ga maciji, kowa ta kama ƙarshenta, ko suna so ko ba sa so sai rana ta kora su wuri guda. Baba Tsoho ya ce wani alƙali da ya lura da yawan ƙararrakin da suke mutuwa a wannan kusurwa, da kansa ya hana a gina na biyun. Ni ban san gaskiyar wannan ba, tsohon nan yana da ƙarin gishiri. Amma abin da ya faru da mu a kan dakalin, da idona na gani.

Mahaifina mutumin Rawayya ne. Yana saurayi ya zo Gusau koyon gini a hannun Baba Tsoho, ya koyi ginin, ya haɗa da 'yar maigida. Bahago ne. Ina tatata zazzaɓi ya ɗauke shi, ko hoto bai bari ba. Ban san fuskarsa ba, ban san muryarsa ba. Abin da na sani nasa shi ne wani ɗan fili a bangon kotu, a kusurwar nan ta gabas, sama kaɗan da kan mai zama. Yaɓe da tafin hannu ake yi, yatsu su bar sawu a jikin ƙasa. Na kowa yakan lanƙwasa zuwa gefe guda, nasa kuwa ya juya ɗaya gefen, kamar wanda ya yi wa bangon gardama. Shi ne yaɓensa na ƙarshe. Tun daga shekarar, in an zo aiki, Baba Tsoho yakan ce wa yaransa su bar masa kusurwar. Ba ya ɗora sabuwar ƙasa a kai, makuba kawai yake shafawa a hankali da tsumma. Soron kuma yana tare masa ruwan gabas. Wata rana Baba Tsoho ya ɗaga ni ya ce, "Amarya, ga hannun ubanki." Ya sauke ni ya ci gaba da aikinsa.

Ni ma da hagu na tashi. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna, ta sha kaɗa mini ludayi a bayan hannu saboda haka. Inna gajera ce, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, bakinta ya fi barkonon da take dakawa zafi. In ta yi maka faɗa unguwa ta ji, in ta gama kuma ta cusa maka tunkuza mai ɗumi a hannu ta ce ka ɓace mata da gani. A bayanta nake kwana. Ko mahaifiyata tana gidan, Inna ce uwata, don ita mahaifiyar tawa 'yar fari ce, Inna ba ta ko kiran sunanta, sai dai ta ce "waccan".

Ina da shekara bakwai ko takwas mahaifiyata ta sake aure, aka kai ta Bilbis. Ni aka bar ni wurin Inna, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ba a yi nisa ba sai ga Baffa, ƙanin mahaifina, ya zo daga Rawayya ya zauna a zaure. Ya ce tun da uwa ta tafi gidan wani, 'ya ta koma gidan ubanta, kuma tsohuwarsu ce ta aiko shi. Baba Tsoho yana ta ba shi haƙuri, Inna kuwa daga bayan asabari take ba shi amsa, irin amsar da ba a maimaitawa. Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bayan kwanaki kaɗan masinjan kotu ya yi sallama da sammaci, yana sunkuyar da kai, don shi ne mai kawo wa Baba Tsoho ruwan sha in ana yaɓe.

Tsoron da na ji ba ya misaltuwa. Kakata ta Rawayya, wadda nake kira Kaka kawai, ban san ta sosai ba. Doguwa ce siririya, ba ta da magana. In ta zo takan kawo gero da daddawa, ta zauna a gefen tabarma ta zuba mini ido har in rasa inda zan sa kaina, in ruga in ɓuya bayan turmi. A tunanina na yarinya, wannan kallon na mai shirin ɗauke ni ne. Ga shi kuwa ya tabbata.

Baba Tsoho ya je ya sami muhutin kotu, mai taimaka wa alƙali, a asirce, ya dawo ya ce malamai sun ce bayan uwa, kakar wajen uwa ce gaba a riƙo. Inna ta ce ita ba ta yarda ba sai ta gani, shari'a mace ce da ciki. Kwanakin nan ba ta taɓa ni da ludayi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Shi kuwa tsohon abin da yake cinsa daban ne. Ginin da yake lallaɓawa kamar jariri, yau zai shiga shi a matsayin wanda aka yi ƙara, kuma da dangin yaron da ya fi so a cikin yaransa.

Ranar ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare yake neman gindin randa. Inna ta tsefe mini kai ta yi mini sabon kitso mai zafi, ta sa mini kwalli, muka fita tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Da gangan ta yi sammako. Matar magini ce, ta san sirrin dakalin, ta je ta kame kusurwar gabas ta zaunar da ni a jikinta. Can sai ga Kaka da Baffa sun sauko daga motar kasuwa. Baffa ya wuce baranda wurin maza. Kaka ta dubi dakalin, ta tafi can ƙarshen yamma ta zauna.

"An kwana lahiya?" in ji Kaka.

"Lahiya," in ji Inna, tana kallon indararo.

Akwai wasu mata a tsakaninmu da safen. Ɗaya bayan ɗaya masinja ya yi ta kiransu, suna shiga suna fita, wata da kuka wata da guɗa a ciki-ciki. Mu ba a kira mu ba. Daga baya na ji cewa halin alƙalin ke nan, in rigima ta 'yan gida ɗaya ce sai ya tura ta ƙarshe. Dakali ya rage daga mu sai Kaka, da dogon fili a tsakani.

Ina kallon rana ta taɓa yatsun ƙafarta. Ta hau gwiwa, ta hau cinya, ta kama mata fuska. Kaka ba ta motsa ba. Gumi yana bin wuyanta yana shiga mayafi, ita kuwa ta miƙe zaune kamar tabarya, idonta a ƙasa. Inna ta fara tsaki. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta yi fifita da gefen zane, ta sake tsaki. Duk wanda ya san Inna ya san za ta iya gaba da kai shekara, amma ba za ta iya kallonka kana wahala ba, abin yana ba ta haushi.

"Ke baiwar Allah, matso," ta ce a ƙarshe. "Kar ki narke muna nan a ce mu munka kashe ki."

Kaka ta matso kaɗan, daidai bakin inuwa. Ba a jima ba rana ta sake cim mata, ta sake matsowa. Haka aka yi ta yi, rana tana kora tana matsowa, har na ji gefen zanenta yana taɓa ƙafata. Warin hayaƙin kara take yi da man shanu. Na ƙanƙame Inna. Muka zauna mu uku a matse, muryar alƙali tana fitowa ta taga kamar daga cikin rijiya.

Gajiya ce ta sa Kaka ta jingina kanta da bango ta ɗaga ido. Na ga kallonta ya tsaya wuri ɗaya. Ta daɗe a haka. Sai ta miƙe tsaye a hankali, ta juya ta fuskanci bangon.

"Wa yay yi yaɓen ga?"

Inna ta kau da kai. Ni ce bakina ya suɓuce na ce, "Babana."

"Na sani," in ji Kaka. "Na san hannun yaron. Haka yay yi min ɗakina kahin ya taho birni. Damanar bara bangon ya zube."

Ka lura ba ta ce ɗana ba. Yaron ta ce. Mahaifina ɗan farinta ne, kuma a zamaninsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Alkunya ke nan. Tun yana ƙarami aka ba wata gwaggonsa shi. Ya girma, ya tafi, ya mutu, ba ta taɓa rungumarsa a idon jama'a ba, ko ranar da aka kai mata labarin rasuwarsa an ce tashi ta yi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Abin da ya rage mata nasa shi ne bangon ɗakin nan, tana kwana tana kallonsa, shi ma ruwa ya cinye. Jika kuwa ba alkunya a kansa. Jika za ka goya, ka tsokana, ka kira sunansa da ƙarfi a tsakar gida. Duk wannan ban san shi a ranar ba, sai da na girma na haifi nawa na fari. Amma Inna ta sani nan take, don ita ma abin da ta hana 'yarta shi take juye mini. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kaka ta sa yatsunta a cikin sawun, tana bi a hankali. "Shekara da shekaru, ruwa bai ci shi ba?"

"Tsohon can ba ya bari a taɓa wurin," in ji Inna, muryarta ta sauka yadda ban taɓa ji ba. "Makuba kawai yaka shahwa mishi. Da hannunai."

Kaka ta juyo ta miƙo mini hannu. Ni kuwa, da ruɗewa da sabo, na miƙa mata hagu. Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta rufe. Kaka ta dubi hannun nan nawa, ta dubi bango, sai ta ɗaga ni cak ta tsayar a kan dakali, ta ɗora yatsuna a cikin sawun nasa. Sun yi mini yawa, hannuna ya ɓace a ciki. Ƙasar da ɗumi kamar jikin mutum.

"Zai cika wurin," ta ce. Hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta share ba, ba ta ɓoye ba. A nan tsoronta ya fita daga raina, har yau bai dawo ba.

Muna haka masinja ya kira. Baffa ya zagayo da sauri. "Tsohuwa, tashi, an kira mu."

Kaka ba ta ko waiwaye shi ba. "Tahi ka ce ma alƙali mun janye. Mutanen da sunka tsare hannunai haka, ɗiyatai ba ta wulaƙanta wurinsu."

Baffa ya tsaya baki buɗe, kuɗin mota da ranar noma duk sun tafi a banza. Ni na zaci Inna za ta yi guɗa. Ina! Tashi ta yi ta riƙe ƙugu, ranta a ɓace, don a duniya ba abin da ta tsana kamar a fi ta kara.

"A'a! Ke kaɗai anka haihwa da kara? Mu dabbobi na? Duk hutun makaranta a zo a ɗauke ta. Ci gare ta kamar gara, ku ma ku ɗanɗana abin da muka sha."

Kaka ta yi dariya cikin hawaye. Ranar na fara ganin haƙoranta, ashe wushirya gare ta irin tawa.

Duk da haka sai da muka shiga, don ba a barin alƙali yana jira. Na sha shiga ɗakin nan in ba kowa, amma ban taɓa ganinsa da mutane ba. Daga zafin waje sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. Bakan gizon nan sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiyar rufi, an shafe su da farar ƙasa, haske yana faɗowa ta tagogin Bature ya kwanta a kan daɓe. Ginin yana ɗaukar murya, ko raɗa ka yi sai ta zagaya ta dawo, Baba Tsoho yakan ce shi ya sa ƙarya take wuyar faɗi a ciki. Alƙali yana zaune a kan ɗan tudu da buzu, tsoho ne mai ƙaramar murya. Baffa ya yi bayani yana in-ina. Alƙali ya dubi tsofaffin nan biyu da suka sa ni a tsakiya, kowa ta riƙe hannu ɗaya, ya yi murmushi ya ce, "Dakali ya riga ni ke nan. Sulhu alheri ne. Allah ya raya ta." Aka shafa fatiha.

A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, Baba Tsoho ya tsaya. Sannan ya ja mini kunne ya ce ashe amaryarsa yaji ta so yi, Allah ya tona mata asiri. Na ga yana goge ido da hannun riga, ya ce makuba ce ta shiga masa, alhali ranar ko tukunyar bai taɓa ba.

Hutun farko Baffa ya zo da kansa ya ɗauke ni, har da alewa a aljihu. Na tarar da Rawayya kore shar, dawa ta fi ni tsawo, rumbuna a jere. An sake ɗora wa Kaka ɗakinta, amma ta hana a gama yaɓen ciki, ta bar wani fili daidai inda take juya fuska in ta kwanta. Ta sa aka cuɗa ƙasa, ta ce in yi. Na yi shi a karkace, nan kauri nan sirara, rabin ƙasar a kaina. Ta ce ba ta taɓa ganin yaɓe mai kyansa ba. Inna ma ta daina kaɗa mini hannu in ina shara ko tsinkar zogale. Cin abinci dai da dama, a kan wannan ba a yi sulhu ba.

Tsofaffin nan biyu sun zama abin kwatance. In Kaka ta zo Gusau sai sun raba dare suna gardama a kan wa ta fi iya daddawa, gari na wayewa Kaka ta ce, "Mu biya mu gaisa." Sai su ɗauki mayafi su tafi kotu, su zauna a kusurwa suna cin goro. Wani sabon masinja ya taɓa tambayarsu wa suka kawo ƙara. Inna ta ce masa shi, in bai ba su wuri ba.

Kaka ce ta fara tafiya, fuskarta tana kallon yaɓena. Baba Tsoho ya bi, Inna ta daɗe bayansu tana yi wa kowa faɗa. Da tsohon ya kwanta dama ba a sake kiran magini ba. Wata shekara na dawo daga garin da aure ya kai ni na tarar an shafe ginin duka da siminti, har dakalin. Na yi kuka a ranar, na kuma daina bi ta hanyar.

Yanzu an gina sabuwar kotu a gefenta, bene mai tayil da gilashi, tsohuwar ta zama ɗakin ajiyar karyayyun kujeru. Masu jira suna da rumfa mai faɗi da kujerun ƙarfe a jere, inuwa ta ishi kowa tun safe har la'asar. Ban ce a mayar da mata rana ba, wanda ya ga gumin Kaka ba zai faɗi haka ba. Sai dai da na leƙa na ga mata biyu, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, kowa ta sunkuya a kan wayarta, kuma ba abin da zai tashe su daga inda suke sai kira. Na yi musu addu'a a zuciyata, don ban san me za a yanka a tsakaninsu ba.

Na zagaya bangon arewa. Maganar Baba Tsoho ta tabbata, zaman haƙurin ya ƙare. Ruwan safiyar ya ɓamɓaro wani babban falle na siminti ya faɗo a kan dakali, jar ƙasa ta fito a jiƙe, ita ce take wannan wari. Masu simintin sun sassare bangon sun kafa ƙusoshi kafin su shafe, kusan komai ya tafi. Amma a can kusurwa akwai wasu 'yan layuka da suka lanƙwasa ta gefen da ba a saba ba. Ko nasa ne, ko ruwa ne ya zana, Allah ne masani. Ban buƙaci hawa dakali ba wannan karon. Na ɗora hannuna na hagu, ya cika wurin.

Wani matashi mai gadi ya leƙo. "Hajiya, ƙara kinka kawo? Ƙohwar tana can gaba."

Na ce, "A'a ɗana, gaisuwa na zo."

Ya dube ni, ya dubi bango, ya ga dai tsohuwa ce, ya ƙyale ni. Na ture ɓaraguzan siminti na zauna. Hadari ya washe, rana ta fito, dubiyar asibiti tana jirana. Da ranar ta iso ƙafata sai na matsa can kusurwa kamar yadda aka saba, na tarar har yanzu inuwar tana isar mutum uku.